Sabon Shugaba Tsakanin Zumunci da Amana

Ƴan uwa masu karatu, ga wata tambaya da ta cancanci mu zauna a kanta. Mutum shina cikin abokan aikinshi, suna haƙa tare, suna shan fura ƙwarya guda. Ran nan sai a kira shi a ce: "Daga yau kai ne shugaba." A miƙa mashi littafi da makulli. Da gari ya waye, waɗanda za shi ba umurni su ne abokan nan nashi na jiya, cikinsu har da kawunshi da surukinshi. To, wa za shi bi? Zumuncin da ya tashi a ciki, ko amanar da anka ɗora mashi?

Wagga tambaya ta shafe mu ƙwarai. Cikin ƙasashen Madawa da Buza da Keita, da wuya ka shiga gari ba ka iske mai irin wanga matsayi ba. Akwai shugaban ƙungiyar manoma, da mai riƙon makullin mangaza, da mai awo a bankin hatsi, da ma'ajin kuɗin famfo, da shugabar mata masu asusu, da shugaban aikin gyaran fako. Sau da yawa wanda ya iya karatu da lissafi shi ake zaɓe. Ke nan wanda ke karanta wagga takarda yau, gobe shi za a iya miƙa ma littafin.

Abin da aikin Keita ya nuna

Cikin 1984, shekarar babban fari, anka buɗe aikin raya karkara na Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi. Hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kama aikin tare da ma'aikatan Nijar, hukumar PAM kuwa ta kawo abinci don biyan masu aiki. Maza da yawa sun tafi bida, saboda haka mata su ne mafi yawa a wuraren aiki. Sun haƙa ramukka a jikin duwatsu don tare ruwan sama, sun jera duwatsu a kan fako, sun taimaka wurin datse ƙoramu, sun dasa itace. Cikin kamar shekara 20, an gyara ƙasa fiye da eka 34,000, irin ekar nan ta ma'aikatan gona da ake ce ma hekta, an kuma dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Mutane sukan tuna manyan motoci da injiniyoyi. Amma a kowane wurin aiki akwai wani ɗan ƙasa da ke riƙe da littafin sunaye. Shi ke kira da safe, shi ke sa alama gaban sunan wanda ya zo, shi ke duba ko rami ya kai zurfin da anka ce. Ranar rabo, yawan alamun mutum shi ne yawan hatsi da man da za shi kai gida. A shekarar da rumbuna ba su da kome, ɗan layin nan na alƙalami tuwon dare ne na gida guda.

Yanzu ku sa kanku a wurin mai littafin nan. Gwaggonshi ba ta zo aiki ba kwana uku. Ranar huɗu ta same shi gefe ta ce: "Ɗana, cika mani kwanakin nan, ai kai na goya." In ya ƙi, za ta ce muƙami ya canza shi. In ya yarda, ya rubuta ƙarya, kuma abincin da za a ba ta na wata ce da ta yini tana ɗaukar dutse a ka.

Hanyoyi biyu na faɗuwa

Sabon shugaba shina da ramu biyu a gabanshi.

Na fari shi ne kumburi. Jiya ana kiranshi da sunanshi, yau sai an ce "shef" kafin shi waiwaya. Ya bar zama inda ya saba zama. Ya sayi tabarau, muryarshi ta yi kauri. Shina tsawa don kowa shi san an ba shi iko. Irin wanga, in ka duba da kyau, tsoro ke cinshi: shina gudun kada a raina shi. Amma mutane sun san shi tun shina kiwon awaki. Tsawa ba ta shafe wanga sani. Gabanshi za a ce "to", bayanshi a yi aikin ganin ido. In ramin da anka haƙa bai kai zurfi ba, ba mai faɗa mashi, sai ruwan farko ya zo ya tone asiri.

Na biyu shi ne narkewa. Wanga shi kunya ke ci. Ba shi iya ce ma babba a'a, ba shi iya duban idon aboki shi ce aikinka bai yi ba. Kowa ya zo da roƙo sai shi koma da murna. Wata guda ana yabonshi, ana cewa ɗan halak ne. Wata na uku masu ƙwazo sun gane cewa da mai zuwa da marar zuwa rabonsu ɗaya, sai su ma su sake jiki. Wata na shida mangaza ta yi giɓi, kuma waɗanda sunka ci ba su ne za a kira ba. Shi za a kira.

A ƙasarmu ramin na biyu ya fi kama mutanen kirki, don shina kama da halin ƙwarai. Saboda haka a kanshi za mu daɗe.

Hujjar zumunci

Kada mu yi saurin zagin gwaggon nan. Tana da hujja, kuma hujjarta mai nauyi ce. Mu nan, in ba don dangi ba, wa za shi tsira daga shekarar fari? Wanda ya rasa iri, wurin ɗan uwa shike samu. Wanda ya kwanta ciwo da damina, gayya ke nome mashi gona. Yaron da anka zaɓa shugaba, dangi sunka ciyar da shi har ya girma. Proje kuwa baƙo ne, ya zo, za shi tafi. Mai wagga magana sai shi ce: ina hankali ga mutum shi ɓata da wanda za shi ɗauki gawarshi, don faranta ma wanda za shi koma ƙasarsu baɗi?

Amsa tana cikin tambaya guda: abin da ke hannunka, na wane ne?

Zumunci wajibi ne, amma da abinka ake yinshi. In gwaggonka tana jin yunwa, buɗe rumbunka, ko ka raba ladan aikinka da ita. Wanga shi ne zumunci, kuma Allah shina ba da lada a kanshi. Hatsin mangaza kuwa ba naka ba ne. Ajiya ce. Kowa ya san hukuncin ajiya tun kafin a kawo proje ko koperatib. In maƙwabci za shi tafi Legas ko Abijan ya bar maka tunkiya, ba ka yanka ta ranar sunan ɗan ƙanenka ka ce zumunci ka yi. Duk gari za su ce ka ci amana.

Abin da ke rikita mu shi ne, mai tunkiya muna ganin fuskarshi, mai hatsin mangaza kuwa ba mu ganinshi. Sai mu ce ai kayan gwamnati ne, ko kayan nasara ne. Amma buhu ba shi ƙaruwa don an ƙara suna. Tiyar da ka ƙara ma naka, daga kwanon wani ka ɗebo ta. Wanin nan kuwa yawanci shi ne marar kowa: bazawara, ko baƙon da ya zauna bakin gari, ko wanda danginshi ba su da mai riƙon littafi. Mai dangi shina da inda za shi kai kuka. Marar kowa ba shi da gata sai gaskiyar ma'auni. Saboda irinshi anka naɗa ka.

Ga misali daga fadamar Ibohaman, inda anka datse ruwa tun wajen ƙarshen shekarun 1960 don noman rani. Bayan taron Damagaram na 1982, gwamnati ta miƙa ma ƙungiyoyin manoma tafiyar da irin waɗanga fadamu, hukumar ONAHA tana ba su shawara. Daga nan rabon ruwa da karɓar kuɗin ruwa sunka koma hannun manoma da kansu. A ce shugaba ya bar ma ɗan uwanshi ruwa ya wuce lokacinshi. Wanda gonarshi ke ƙarshen hanyar ruwa shi za shi ga shukarshi ta yi yaushi. A ce kuma ya ɗaga ma abokanshi ƙafa ga biyan kuɗin ruwa. Baɗi wasu ma za su ƙi biya, hanyar ruwa ta fashe ba kuɗin gyara, ɗan uwan da anka yi ma alfarma shi ma ya rasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina tausayi za shi zauna?

Wani za shi ce: ashe shugaba dutse za shi zama? Tsohuwa ta kasa cika aikin yini don ƙarfinta ya ƙare, a hana ta rabo? Manomi ya yi asara don tsutsa ta cinye albasarshi, a ƙwace gonarshi?

A'a. Shugaban da ba shi da tausayi bai cancanci riƙon kome ba. Sai dai tausayi iri biyu ne, na ɓoye da na fili. Na ɓoye shi ne ka gyara littafi da dare don wanda ka sani. Na fili shi ne ka tara mutane ka ce: "Cikinmu akwai tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya. Mi za mu yi da su?" Sai a shirya. Wataƙila a ba tsohuwa aikin da take iyawa, kamar ba ma'aikata ruwa ko tsaron yara. Wataƙila a yarda wanda ya yi asara shi biya bayan girbi na gaba. Abin da anka yanke, a rubuta shi, shi hau kan kowa, da gwaggonka da gwaggon wanda ba ka shiri da shi.

Ga ma'aunin da za ka gane alfarma mai kyau da maras kyau: in kana iya faɗinta gaban taro da babbar murya, yi ta. In sai an rage murya, bar ta.

Maganar gaisuwa

Da an naɗa mutum, kaji sukan fara sanin hanyar gidanshi. Wanga ya kawo goro, wancan ya aiko da buhun albasa. Kowa shina cewa don Allah ne. Matsalar tsohuwa ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta kusa da Galmi cikin 1754, ya lissafa karɓar gaisuwa cikin miyagun al'adun masu mulki a littafinshi Kitabul Farƙi. Malamai kuma suna ba da labarin wani da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wasu kaya ya ce kyauta ce anka yi mashi. Annabi bai yarda ba, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidansu, ba mai kai mashi kome.

To, sabon shugaba shi tambayi kanshi: wanga mai kaza, bara ya kawo mani? In kun saba musayar alheri tun da, ba laifi. In sai bana ya san ƙofarka, kazar ta littafi ce. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Mayar da ita cikin mutunci, ka ce: "Baba, na gode, Allah shi saka. Bari sai na sauka, in kana so ka kawo."

Yadda ake kama aiki

Kwanakin farko su ke yanke yadda sauran za su zama. Ga abubuwan da masu hankali ke yi.

Kada ka karɓi makulli sai an ƙidaya. A buɗe mangaza gaban shaidu, a ƙirga buhu, a auna abin da ya rage, a rubuta, wanda ya sauka da kai da shaidu ku sa hannu. In kunya ta hana ka ƙirga yau, giɓin wani za shi zama naka gobe.

Ka je gidan wanda ya girme ka ga aikin. Kusan kullum akwai wani da ya fi ka daɗewa, ya sa rai shi za a ba, ba a ba shi ba. Kada ka jira shi zo gaishe ka. Tafi ka same shi, ka ce: "Yaya, kai ka san aikin nan tun ban sani ba. Ina bukatar shawararka." Ka kuma yi aiki da shawarar in ta yi kyau, ka faɗi gaban mutane cewa tashi ce. In ka bar shi gefe, shi za shi zama inuwar da masu gunaguni ke taruwa ƙarƙashinta.

Ka saurara kafin ka canza. Matar da ta shekara biyar tana jera dutse ta san inda ruwa ke bi fiye da wanda ya zo da takarda. Tambaya ba ta rage girma.

Ka faɗi doka tun ranar farko, ka fara da gidanka. A gulbin Magiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE sunka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, anka ɗauki masu gadi don hana dabbobi cin ƙananan itatuwa. Ku duba matsayin mai gadin nan. Ranar da ya iske akuyar gidansu cikin shuka, duk gari na kallo. In ya kama ta kamar ta kowa, ba shi bukatar yawan magana bayan nan. In ya kore ta a ɓoye, ya buɗe ma awakin gari duka ƙofa.

Ka yi awo a fili. Tiya guda ga kowa, a cika ta iri ɗaya. A karanta sunaye da ƙarfi. Littafi shi zama wanda kowane mai karatu ke iya dubawa. Wanga shi ne babban garkuwarka, don in kawu ya matsa, kana iya cewa: "Kawu, ba ni kaɗai ke ganin littafin ba. Ranar taro za a karanta shi." Rubutu shina ɗauke ma mutum nauyin da bakinshi ba shi iya ɗauka.

In za ka yi gyara, ja mutum gefe. In za ka yi yabo, yi shi cikin taro. Dattijon da ka kunyata gaban ɗiyanshi ba shi mantawa, ko da kai ke da gaskiya.

Kada hannunka shi manta da aiki. Ba a ce ka yini kana haƙa ka bar duba sauran ba. Amma ka riga kowa zuwa, kuma in aiki ya yi tsanani ka kama. Madugun ayari ba daga gida shike nuna hanya ba. Ƙurar da ta bugi jakai ita ke bugunshi.

Ka faɗa ma na sama gaskiya. Sabon shugaba shina tsakanin guduma da uwar maƙera: na ƙasa suna kuka, na sama suna son labari mai daɗi. In biya ya makara, ko kayan aiki sun lalace, ko aikin da anka yanka ma mutum guda ya fi ƙarfin yini, kai ne bakin mutanenka. Kai maganar da ladabi, da lissafi a rubuce. In kuskure ya auku a wurinka, kai za ka fara faɗi kafin a gano. Kada kuma ka yi ma mutane alkawarin abin da ba hannunka shike ba. Mutane suna jimre "ban sani ba tukuna", ba su jimre "gobe" goma.

Za a yi fushi da kai

Kada a ruɗe ka: ko ka bi duk waɗanga, wani za shi yi fushi. Wataƙila gwaggo ta bar amsa gaisuwarka wata biyu. Wataƙila abokai su yi shiru in ka iso dandali. Babba juji ne, an daɗe da faɗi. Abin da ya kamata shi ne kada kai ka yanke. Ci gaba da zuwa gaisuwa, da suna, da jana'iza. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar taka ce, ba ta ƙungiya ba. In ka samu, ka kai mata daga naka. Fushin wanda anka hana abin da ba nashi ba shina hucewa, don a zuci ya san gaskiya. Wanda anka danne ma haƙƙi shi ne ba shi mantawa, ɗiyanshi ma su gada.

Mu ma da ba a naɗa ba muna da namu laifi. Mu ne ke zaɓen mutum don mun shaide shi da gaskiya, mu ne kuma ke zuwa da dare mu roƙe shi ya bar gaskiyar. In ya ƙi mu ce ya yi girman kai, in ya yarda har ya faɗi mu ce da ma ɓarawo ne. Wanda ke son ɗan uwanshi shi gama lafiya, kada shi roƙe shi abin da za shi kai shi gaban hukuma.

Aikin Keita mai manyan motoci ya ƙare, baƙin da sunka zo dominshi sun koma. Waɗanda sunka riƙe littafi kuwa cikin garuruwansu sunka zauna, suna sallah sahu guda da mutanen da sunka yi ma awo. Haka kowane muƙami shike: ana hawa, ana sauka, garin kuma shina nan. Saboda haka mai tambaya ko zumunci za shi bi ko amana, shi riƙe su duka biyu, kowane a wurinshi: dangi daga rumbunshi, jama'a daga ma'auni guda.

In kunka taru wurin karatu, ku tattauna wagga magana. A garinku, wane ne ya taɓa riƙon kayan jama'a ya sauka ana sa mashi albarka? Mi ya yi da wasu ba su yi ba? Allah shi ba mu ikon riƙon amana, amin.